Daga Bisa Yake Shiga

Shekara ashirin da shida Mariama tana auren ɗan masunta, amma ƙafarta ba ta taɓa taka jirgin ruwa ba. Laifin kuwa na mijinta ne, Hamissou, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba.

Shi mutumin Gaya ne, can bakin kogin Kwara a Nijar, Bakabe daga gidan Sarkawa, waɗanda ɗansu ke riƙe filafili tun bai iya ɗaura wando ba. Ita kuwa Bakatsinar Maraɗi ce, ruwan da ta sani shi ne na rijiya da na randa. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa, tsokana ce ta gado da ba a fushi da ita. To su biyun nan sai suka ɗauke ta ɗungurungum suka shigar da ita ɗakin aure. In ana zaman lafiya Malam take ce masa, in bakinta na ƙaiƙayi ya koma Bakabe. Shi kuma 'yar tudu yake kiranta.

Lokacin da yake neman aurenta direban kaminyo ne, babbar motar kaya, ba shi da gida ba shi da gona a Maraɗi, saboda haka da kogi ya yi mata burga. Ya ce zai ɗauke ta cikin jirgi ya kai ta tsakiyar Kwara, ta ɗebi ruwan da ƙafar kowa ba ta taɓa takawa ba ta sha. Aka ɗaura aure. Neman abinci ya kai su Kwatano, daga can New York, daga can Clinton a jihar Maryland, inda ya zama direban tasi a cikin Washington. Alkawarin ya tsufa har ya zama karin magana a gidansu. Duk ranar da ya ce zai gyara famfon kicin ko zai rage shan shayi, sai ta ce, “Allah shi sa ba irin jirgin Gaya ba ne.”

A watan Mayu na shekarar da sallar layya ta faɗo farkon Nuwamba, likita ya ce ciwon daji ne Mariama ke da shi, kuma ya riga ya yi nisa. Likitocin ƙasar nan ba su iya sakaya magana ba, a gaban mai ciwo suke lissafa masa watanni kamar su suka ba shi aron ran. Autarsu Nafissa ce ta fassara, 'yar shekara ashirin da biyu da aka haifa a nan, mai jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Rannan ta nemo Hausar da ba a san tana da ita ba, ta faɗa tana kuka. Hamissou ya ce kwana na Allah ne, kuma ya yi imani da haka. Duk da haka, kafin wata biyu ya kwashi abin da ya tara don rufin gidan da yake ginawa a Gaya ya sayi jirgi.

Tsohon jirgi ne mai inji da ɗan ɗaki a ciki, ɗaure a wata ƙaramar tashar jirage a bakin rafin da ke shiga kogin Potomac, tafiyar kwatan awa daga gidansu. Abin da ya sa ya zaɓe shi cikin guda uku da ya gani shi ne hita, wani ɗan murhun ƙarfe mai shan gazuwal, wato man dizal, da aka kafe a bangon ɗakin, bututun hayaƙinsa ya huda rufi ya leƙa waje. Tun da aka fara yi wa Mariama magani take jin sanyi ko a tsakiyar zafi.

Ranar da ya kai ta gani, ta tsaya a kan gadar katakon da ake ɗaure jirage, ta dafa kafaɗar Nafissa, ta ƙare wa jirgin kallo.

“Bakabe, jirgin naka har da hanci?”

“Bututun hita ne, 'yar tudu. Don ke anka yi shi.”

Wata tsohuwar baƙar Ba'amurkiya mai suna Miss Olive, wadda ke zaune dindindin cikin jirgin da ke kusa da nasu, ta leƙo ta yi musu barka. Mariama ta ɗaga mata hannu, ta gyara kallabin da ya rufe kan da gashi ya zube, ta miƙa ƙafa za ta shiga.

“Dakata,” in ji Hamissou.

Ya shiga shi kaɗai, ya durƙusa ya ɗaga katakon daɓe, yadda ubansa ya koya masa a duba gindin jirgi kafin a ɗauki rai. Ruwa ne kwance a ramin gindin, ya kai yatsa uku. Ya daɗe a durƙushe. Da ya fito sai ya ce, “Ba yau ba. Shina yoyo.”

Wanda bai san Hamissou ba zai ce taurin kai ne, kuma ba zai yi ƙarya ba gaba ɗaya. Amma akwai dalili. Yana ɗan shekara goma sha tara ya ɗauki mata bakwai za su ƙetare cin kasuwa, a jirgin da ya san yana ɗan tsatsafo ta gindi. Ya ce ai kwarfewa za a yi ta yi har a isa. A tsakiyar kogi katakon ya buɗe. Ya fid da shida. Ta bakwai, wata mai sayar da albasa da ba ta kai talatin ba, sai bayan kwana biyu aka same ta. Abin da ya raba shi da kogi ke nan ya koma mota, kuma Mariama ta sani. Shi ya sa rannan ba ta yi musu ba, ta janye ƙafarta ta ce to, a gyara.

Ya shiga neman yoyo. A iliminsa na Basarke hanya ɗaya ruwa ke da ita ta shiga jirgi, ta ƙasa. Jirgin Gaya ba shi da rufi, in an yi ruwan sama kowa ya ga an yi, a kwarfe a wuce. Ruwan da ka tarar bayan ba ka gan shi yana shiga ba, to kogi ne ya samu ƙofa. Don haka ya kwanta rub da ciki da tocila, yana bin gindin jirgin taƙi bayan taƙi, yana shafawa da yatsa. Ya liƙe gefen inji, ya canja robar wata mahaɗa, ya toshe wani ɗan tsagi da bai kai farce ba. Har ɗanɗana ruwan ya yi, ya ji ruwan daɗi ne irin na rafin, ya gyaɗa kai. Bai tsaya ya tuna cewa ruwan sama ma ba gishiri gare shi ba.

Wani lokaci jirgin ya yi kwana biyar a bushe, ya dawo gida yana wasa da makulli. A na shida ya tarar da ruwa. Azumi ya zo ya wuce a haka, Satumba ta shiga da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Akwai abin da duk direban tasi na Washington ya sani: ranar ruwa ita ce ranar kasuwa. Mutanen ofis masu takalma masu tsada, waɗanda kullum suke wuce ka kamar ba su gan ka ba, in sama ta ɓalle sai su riƙa ɗaga maka hannu biyu. Hamissou bai taɓa ɓata ranar ruwa a wani wuri ba bayan sitiyari, balle yanzu da magani ke cin abin da ake samu. Jirgi sai sama ta washe. Wata uku yana da jirgin nan, bai taɓa zama cikinsa ana ruwa ba.

Mariama ce ta lura, tana kwance a kujerar falo inda taga ke kallon titi, ba ta da aikin da ya wuce kallon sama da fuskar mijinta. Wata safiya yana karyawa ta ce, “Malam, na yi lissahi. Duk ranar da kad dawo da hushi, jiyanta an yi ruwa.”

“In an yi ruwa rahi na cika, shina matsa jirgi. Sai yoyon shi ƙaru.”

“Ni dai cewa nike, ruwan ga daga bisa yake shiga. Hancin nan na jirginka.”

Ya ajiye cokali ya yi dariya, irin dariyar da ta yi masa wuyar samu a watannin nan. “Yau ga Bakatsina na koya ma Basarke jirgi. Rufin a bushe yake ƙaƙas, na duba. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo.”

“Ɗaki dai kac ce, ba jirgi ba. Ɗaki kuwa mu munka san shi.” Ta gyara kwanciya. “Soron innata a Maraɗi, duk damana sai ya zuba. Ita ta koya mani, inda ruwa ya ɗiga ba nan ya shiga ba. Shina bin azara a ɓoye, shi tahi can nesa shi sauka. Sai ta ɗaura tsumma ga kowace azara. Wadda tsummanta ya jiƙe, ita ce ɓarauniyar.”

Ta kama gefen kallabinta, shuɗi mai ɗigon fari, ta sa haƙori ta tsaga, ta ja. Jan ya gajiyar da ita har sai da ta huta kafin ta miƙa masa.

“Ka ɗaura ga bututun, daga ciki, can bisa kusa da rufi. In anka yi ruwa ka taɓa.”

Ya karɓa da hannu biyu, da ladabin tsokana, kamar wanda aka ba laya. Da ya shiga mota ya buɗe aljihun gaba ya jefa shi cikin rasidai da tsofaffin takardu. Ba raini ba ne, yana son matar nan fiye da idonsa. Kawai dai ya riga ya san amsa, kuma wanda ya san amsa ba ya jin tambaya.

A Oktoba ya sa aka ciro jirgin da ƙugiya aka ɗora shi a kan tudu. Ma'aikatan tashar suka lulluɓe samansa da tamfol, yadda suke yi wa kowane jirgi da aka ciro. Mako uku yana kankare gindin, yana cike kowane rami, yana shafa fenti hawa biyu. An yi ruwa sau biyu a makonnin nan, kuma duk lokacin da ya ɗaga katakon daɓe sai ya tarar da wurin a bushe. Ya dawo gida da hujja.

“An yi ruwan bisa, ciki bai jiƙe ba. Mi kic ce yanzu?”

“Allah shi sa ka hi ni gaskiya,” in ji ta. Ba ta san da tamfol ba, shi kuma bai ga dalilin ambatonsa ba.

Aka yaye tamfol aka mayar da jirgi ruwa. Kwana ɗaya, biyu, har shida, ko danshi babu. Ya sa rana: Lahadi, ranar sallar layya, bayan an sauko daga idi. Ya sayi gazuwal ya gwada hita, ɗakin ya ɗumama kamar gindin murhu. Ya kai bargo biyu da matashi, da ƙaramin kofin silba da za ta ɗebi ruwan tsakiyar kogi, ko da yake Nafissa ta rantse ba za ta bari uwarta ta sha ruwan Potomac ba. Ranar Juma'a aka yini ana ruwa, ya yini yana kwasar fasinja daga tashar jirgin ƙasa zuwa otal-otal, yana ta murna da kasuwa.

Lahadi ya wuce tashar daga masallaci don ya kunna hita kafin ya ɗauko su. Ya ɗaga katako don sabo kawai. Ruwa yatsa uku.

Da ya shiga gida ya tarar da ita zaune a bakin kujera, ta sha shadda ruwan hoda da ta yi mata yawa yanzu, Nafissa ta sa mata kwalli da lalle a farce. Rabon da ta yi kwalliya tun kafin azumi. Ta dubi fuskarsa sau ɗaya ta gane.

“Nawa ne ruwan?”

“Yatsa uku.”

“Yatsa uku bai nutsad da jirgi, Malam.”

“Haka nac ce rannan ma.”

Ba wanda ya tambaye shi wane rannan. Nafissa ta fara magana da Turanci, da sauri, cewa akwai rigunan ruwa, akwai famfon fid da ruwa a jirgin, likita ya ce makonnin nan su ne masu kyau da suka rage. Uwar ta ɗaga mata hannu ta katse ta.

“To kar ka kwance shi,” in ji Mariama a hankali. “Ka bar shi ɗaure ga gadar. In shiga in zamna, in ji yadda ruwa ke yi ƙarƙashin mutum. Shi ke nan.”

“Jirgi mai yoyo mai yoyo ne, ko ɗaure ko sake. Ki ba ni sati guda. Na rasa mutum guda cikin ruwa, ba ni ƙarawa da ke.”

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ruwan da ke gindin gadar nan bai wuce ƙirjin mutum ba, kuma Hamissou ya sani. Amma ba rafin yake gani ba, Kwara yake gani da kwandunan albasa suna yawo a kan ruwa. Mariama ta dube shi da tausayi, ita da ya kamata a tausaya wa, ta ce Nafissa ta taimaka mata ta cire shaddar, tana yi mata nauyi.

Sati gudan ya zama huɗu. Ya koma bin gindin jirgi da tocila, yanzu ba da ilimi ba, da fushi. Ita kuma ta bar kujerar falo ta koma gado a ɗakin sama, aka kawo tukunyar iska da robar hanci, wata nas ta fara zuwa kullum da safe.

Wata Talata a farkon Disamba, ana ruwa mai sanyi tun asuba, ya tsaya a kantin magani karɓo mata na rage zafi. Ya buɗe aljihun mota neman takardar likita, sai ga shuɗin tsumma mai ɗigon fari ya biyo hannunsa. Ya zauna yana kallonsa. Kallabin da aka tsage shi daga jiki ta daina ɗaura shi, hular ulu take sawa yanzu. Wani mai kwat ya ƙwanƙwasa gilashi yana neman tasi. Hamissou ya girgiza masa kai, ya kashe fitilar saman mota, ya kai maganin gida ya miƙa wa Nafissa a bakin ƙofa, ya juya ya nufi tashar jirage.

Bai taɓa jin ƙarar ruwa a rufin jirginsa ba sai rannan. Ya miƙa hannu can sama, bayan farantin ƙarfen da ya kare bango daga zafin hita, ya zagaya tsumman a wuyan bututun ya ƙulle. Ya zauna a kan bargon da ya kawo mata. Bai gama salati goma ba ya tashi ya taɓa. Sharkaf.

Ya kwance kusoshi huɗu ya cire farantin. Ga shi nan, siririn ruwa kamar zare yana bin bayan bututun, yana gangarawa ta bayan hita, yana shigewa ƙarƙashin daɓe ba tare da ya jiƙa ko taƙi ɗaya na inda ido ke gani ba. Ya fita cikin ruwan ya hau rufi. Inda bututun ya huda rufin akwai zoben ƙarfe, kuma danƙon da aka liƙe shi da shi ya tsufa ya tsattsage kamar kaushin ƙafa. Ya sa farce, wani ɓangare ya ɓalle ya biyo shi.

A nan Miss Olive ta same shi, durƙushe a kan rufi ba lema, ruwa na bin wuyansa. Ta tambaye shi lafiya. Ya nuna mata.

“Wannan ai ciwon kowane jirgi mai hita ne,” in ji ta da Turanci. “Zafi ya buɗa ƙarfe, sanyi ya tsuke shi, danƙo ya gaji. Nawa sau uku ina sakewa. Dama abin da kake nema ke nan tun Yuli? Na zaci son aiki ne kawai. Da ka tambaye ni.”

Ta shiga jirginta ta fito da wani abu kamar babban man goge baki, ta ce jan danƙo ne mai jure wuta. Amma ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, sai ruwa ya ɗauke rufi ya bushe. In ya shafa kuma ya ba shi yini da kwana kafin ya kunna hita.

Ruwan bai ɗauke ba sai ranar Alhamis. Da hantsi ya hau rufi da wuƙa da tsumma da 'yar kwalbar sinadarin goge maiƙo. Ya kwance zoben, ya kankare tsohon danƙo har ƙarfe ya yi fari, ya goge, ya jira ya sha iska. Ya matsa jan danƙon ya zagaye ramin ba tare da ya yanke ba, ya mayar da zoben ya ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya har jan ya ɓullo ta gefe, ya bi da yatsa ya lailaye. Ya duba agogo don ya san lokacin da zai fara lissafin yini da kwana. Sai ya ga tun hawansa rufin minti arba'in ne kacal. Ya zauna a wurin.

Ya tarar da ita ido biyu, an tokare ta da matasai. Nafissa na gefe da littafin makaranta a cinya. Mariama ba ta dubi fuskarsa ba wannan karon, hannunsa ta duba. Wata biyar tana ganin hannun nan da baƙin fenti da farin danƙon gindin jirgi. Yau yatsan ja ne.

“Bisa ko ƙasa?” Muryar sai an kasa kunne.

Ya durƙusa a gefen gadon. “Bisa.”

“Ƙara hwaɗi. Ɗiyata ba ta ji ba.”

“Daga bisa yake shiga. Hancin nan. Tsummanki ya kama shi.”

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, Nafissa ta tashi ta gyara mata robar hanci. Da ta samu numfashi ta ce, “Ki shaida. Bakabe ya ci ƙasa.”

“Na ci. Gobe Juma'a danƙon na bushewa. Asabar in kunna hita in zo in ɗauke ki. Ko goyo ne in goya ki.”

Ta ɗora hannunta a kan nasa, a kan jan yatsan. Hannun ba nauyi kamar na jariri.

“Malam, dube ni da kyau. Bayi ma sai an ɗauke ni.”

“In sha Allahu…”

“In sha Allahu. Amma kar ka sa ma kanka.” Ta huta. “Ni ba tsakiyar kogi nike so ba tun can. Wa ke son shan ruwan da jirage ke zuba ma mai? So nike in gan ka cikin jirgi. Shekara ashirin da shida bayan kanka nike gani cikin mota. An ce mani da can, in ka tsaya bisa jirgi, duk Gaya ba kamarka. Shi nike so in gani.”

Ya kifa goshinsa a gefen katifar ya yi kuka, kukan da bai yi ba a ofishin likita, ita kuma tana shafa masa ƙeya tana cewa ya isa, yaro na kallo, ko da yake yaron ta kai aure.

Asabar ya kunna hita, ɗakin jirgin ya yi ɗumi. Nas ta ce ko matakalar gidan ba za ta iya sauka ba, balle gangaren gadar da ya yi santsi da ƙanƙara. Ya ce to Litinin. Litinin ta daina magana. Ranar Laraba da hantsi, Nafissa na riƙe da hannu ɗaya shi yana riƙe da ɗaya, ta cika. Aka yi mata sutura, 'yan Nijar da 'yan Gana na garuruwan Lanham da Manassas suka cika masallaci, aka kai ta maƙabartar Musulmi. Mutane suka yi ta ce masa ya yi ƙoƙari, har jirgi ya saya mata. Duk wanda ya faɗi haka ji yake kamar an watsa masa ruwan zafi, amma yana amsawa da na gode.

Bai koma tashar ba sai bayan arba'in, wata ranar ruwa a ƙarshen Janairu. Ya fito zai tafi aiki, ya tsaya da makulli a hannu, sai Nafissa ta ɗauko rigar sanyinta ba tare da ya ce mata komai ba ta bi shi. A kan gadar ya ce ta dakata. Ya shiga ya durƙusa ya ɗaga katakon daɓe. Bayan ruwan makonni shida da dusar ƙanƙara biyu, wurin a bushe yake har da ƙura. Da ya ɗago ya ga ta riga ta shigo, tana zaune a kan bargon uwarta, kofin silba a hannunta.

Ya kunna hita. Suka zauna suna jin ruwa a kan rufi, jirgin na ɗan lilo a ƙarƙashinsu. Tsumman shuɗi yana rataye a ƙusa kusa da taga, inda ya shanya shi tun ranar Talatar nan. Nafissa ta ɗaga kai ta dubi inda bututun ya shige rufi, inda ɗan jan danƙo ya leƙo ta ciki. Ta yi magana da Hausa, a hankali, tana zaɓen kalmomi yadda take yi in tana son faranta masa.

“Baba, aikin ya yi kyau. Kwana nawa ka yi kana gyara shi?”

Ya so ya ce mata aiki ne mai wuya. Da ta yarda, don ba ta san jirgi ba. Ya miƙa hannu ya sauko da tsumman, ya bushe har ya yi tauri, ya ninke shi biyu a kan gwiwarsa.

“Minti arba'in,” in ji shi.